Matar da Ke Bayan Koriyar Ƙofa

Mutum bakwai ne suka zo sauraron Lucien Thibodeau a ɗakin karatun garin, ranar Asabar ɗin da aka gama tonon dankali. Biyu daga cikinsu ɗumin ɗakin ne ya kawo su. Yana tsakiyar karanta labarin wata mata da aka kulle a bayan ƙofar ƙarfe tana ta ƙwanƙwasawa, sai wata budurwa ta yi atishawa, tsohuwar da ke gabanta ta zabura har ta yar da jaka. Budurwar ta ƙyalƙyale da dariya. Lucien ya ɗago zai harare ta, idonsa ya faɗa kan jan gyalen da ke wuyanta, ya nemi layin da yake karantawa ya rasa.

Da aka tashi ta same shi yana haɗa takardunsa.

"Ka yafe ni. Ni ce Corinne, ta shagon magani. Amma don Allah, kai ba ka da labarin da ake gamawa kowa na numfashi?"

"Na gwada," in ji shi. "Ba ya fitowa."

"To ka zo shagonmu, wataƙila muna da maganinsa."

Ya je ranar Litinin, wai mura yake yi. Ya koma Laraba, wai murar ta dawo. Shekararsa biyu a garin nan na arewacin jihar Maine ta Amurka, yana aiki a injin tsaga katako, ba mai jin muryarsa sai a takarda. Cikin wata guda Corinne ta mayar da shi mai surutu. Ta sa masa suna Mujiya, shi kuma yana ce mata Hantsi.

"Mujiyata, yau mata nawa ka kashe kafin karin kumallo?" ta rubuto masa wata safiya.

"Ko ɗaya, Hantsina. Tun da kika fito alƙalamina ya zama malalaci."

"Madalla. Ka zo Lahadi ka ci miyar kazar Baba. Ka sa riga mai launi, ba jana'iza za ka ba."

Sai dai wani ya riga shi zuwa. Wendell, mai babbar gonar dankali a bakin kogi, shekara uku yana bin Corinne tana kakkaucewa. Shi ya kai wa mahaifinta littafin labaran da Lucien ya wallafa, ya naɗe gefen shafi ɗaya. Mahaifin nata, Baba Armand Pelletier, shekara arba'in yana haƙa kaburbura a maƙabartar coci. Ya ɗora tabarau ya karanta inda aka naɗe: gawar mace, kwance a kan katako, da jan gyale a wuya.

Ranar Lahadi a bakin ƙofa ya tare Lucien.

"Saurayi, na binne mutum ya fi dubu, ban taɓa jin daɗin ko ɗaya ba. Kai kuwa zaune kake kana kashe mata don nishaɗi. Yanzu har ka yi wa 'yata likkafani a takarda. Koma inda ka fito."

Da yamma saƙon Corinne ya shigo.

"Na karanta shafin. Gyalena ne, Lucien. Shi ya sa ka ƙura min ido ranar farko?"

"Na rubuta labarin nan shekara shida kafin in san ki."

"To wace ce?"

Ya rubuta amsa ya goge har sau biyar. Daga ƙarshe ya kife wayar. Shirun nan ya fi shafin yi mata ciwo, don wanda ya ƙi faɗin sunan mace, ai akwai abin da ya rage tsakaninsu. Wendell ya soma zuwa yana share musu ƙanƙarar ƙofar gida ba a roƙe shi ba.

Sanyi ya kama sosai, ƙasa ta daskare ta koma dutse. A irin wannan lokaci ba a haƙa kabari. Wanda ya rasu sai a ajiye akwatinsa a ɗakin dutse da ke cikin tudun maƙabarta, har ƙasa ta saki a watan Mayu. Baba Armand ba shi da aiki sai zama gaban murhu. Ya jawo littafin da niyyar ƙara samun hujja, ya faro daga shafin farko.

A labari na biyu ya gyara zama. Ƙofar da ke cikin labarin koriya ce. Matakala bakwai, ta huɗu ta tsage. Kuma ba ta buɗuwa sai an tokare ta da gwiwa an ɗaga. Ya sauke littafin ya dubi gwiwarsa ta dama, wadda shekara arba'in take wannan aikin.

"Corinne! Ɗauko makullin mota. Kira min mai kashe matan nan, ki ce ya same mu a maƙabarta."

Sun tarar da shi a wajen shinge, hannu cikin aljihu, ya kasa shiga. Baba Armand ya kama hannun rigarsa ya ja shi har gaban koriyar ƙofar ɗakin dutsen.

"Ba wanda ya san tsagar matakalar nan sai wanda ya zauna a kanta. Ɗan wa kake?"

Lucien ya dubi ƙofar, ya amsa.

"Thibodeau sunan waɗanda suka riƙe ni ne. Mahaifiyata Odile Cyr. Ta rasu cikin Janairu ina shekara tara. Aka sa ta nan, aka ce min za ta jira ƙasa ta yi laushi. Kullum in an tashi makaranta sai in zo in kara kunne a ƙofar, ko za ta kira ni. Kafin wata ya ƙare masu kula da marayu suka tafi da ni kudu. Ba wanda ya taɓa ce min an fito da ita." Ya juyo wajen Corinne. "Ita ce, Hantsina. Duk matan ita ce. Na dawo garin nan don in tambaya, shekara biyu tsoro ya hana ni."

Corinne ta rufe baki da gyalenta, hawaye na zuba.

Baba Armand ya cire hula duk da sanyin.

"Odile mai wankin coci. Sha biyu ga Mayu muka binne ta, ni da Fada, limamin cocin, ba na uku. Na tambaya ina yaron, aka ce an tafi da shi. Zo."

Suka ratsa ƙanƙara har gwiwa zuwa gindin wani itacen tuffa. Tsohon ya share da hannu, sai ga ƙaramin gicciyen katako, fentinsa fari tas.

"Ba mai saya mata dutsen kabari, shi ya sa na kafa wannan gicciyen. Duk shekara ina sabunta fentin. Ba ta bayan ƙofa, ɗana. Shekara ashirin da biyu tana nan kwance lafiya, rana na haska ta."

Lucien ya durƙusa ya yi kukan da aka hana shi yi yana ɗan shekara tara. Corinne ta durƙusa gefensa ta riƙe shi.

"Mujiyar banza," ta ce cikin kuka. "Da ka faɗa min tun farko!"

"Ni ma shafi ɗaya na karanta na yanke hukunci," in ji Baba Armand. "Ku tashi, miyar kazar nan tun watan Oktoba take jiranka."

An ɗaura auren a watan Mayu, itacen tuffar ya yi fure. Wendell ya aiko da buhun dankali biyu, bai zo ba. Daga coci ango da amarya suka biya ta maƙabarta, Corinne ta ajiye furanninta a gindin gicciyen.

A wajen walima ta raɗa masa, "Na ga kana sabon labari. Matar ta mutu?"

"Tana nan da ranta. Surutu ma ya yi mata yawa, na rasa yadda zan rufe labarin."

Ta mintsine shi. Baba Armand ya miƙe da kofi a hannu, ɗakin ya yi tsit.

"Ni abin da na iya shi ne rufe mutane, yau ga shi na buɗe wa wani ƙofa. Allah ya ba ku zaman lafiya da 'ya'ya masu dariya irin ta uwarsu. Ya kuma sa ku daɗe ƙwarai kafin ku buƙaci mai sana'a irin tawa."

Jama'a suka amsa da amin, muryar Lucien ta fi ta kowa.