Kyamara Mai Tabo

Da hantsi wata tsohuwa ta shigo caji ofis ta ce an sace kyamarar mijinta marigayi. Kofur ya tambayi inda aka ajiye ta. Ta ce a akwatin gilashi a shagonsu na ɗaukar hoto, kuma har yanzu akwai kyamara a ciki.

Kofur ya yi dariya. Sufeto bai yi ba. Ya daɗe da lura cewa masu yawan cewa tsoho ya rikice, galibi akwai abin da za su samu in ya rikice ɗin. Ya ɗauki hularsa.

Warin ruwan wanke hoto bai bar bangon shagon ba. Labule mai zanen teku yana nan, da kujerar nan mai hannu ɗaya. A kanta aka ɗora Sufeto yana ɗan firamare, marigayi mai shagon ya yi ta kukan akuya har sai da ya yi murmushi.

"Inna, me ya sa kika ce ba ita ba ce?"

"Tasa tana da tabo a kusurwa. Ni na yar da ita ina amarya, wai sai na ɗauke shi hoto. Bai taɓa yarda a gyara ba."

Ƙanen marigayin, wanda kowa ke kira Baffa, shi ke riƙe da shagon yanzu. Ya ja Sufeto gefe.

"Ranka ya daɗe, tsufa ne. Mun ma yanke shawarar ta bar ɗakinta na saman shago, ta koma inda za a kula da ita. Duba shafinmu na intanet, hoton kyamarar na nan."

Sufeto ya duba a wayarsa. Kyamara sumul, ba tabo.

"Wa ke kula da shafin?"

"Auta, 'yar Yaya marigayi. Ni ko kunna kwamfuta ban iya ba."

Auta injiniya ce. Sufeto ya same ta ita kaɗai a ɗakin baya, ta buɗe masa saitin shafin.

"Tsakanin rumbun hotunanmu da masu kallo akwai wata na'ura da ake kira firoksi, kamar mai gadi take. Ita ke miƙa hoto ga burauza, wato manhajar buɗe shafi, ta liƙa masa umarni: burauza, ajiye wannan zuwa lokaci kaza, kar ki sake tambaya. Lokacin da intanet ke rarrafe, Baba ya ce yana jin kunyar mutane su zauna jiran hotunansa. Sai na sa shekara guda." Ta tsura wa allon ido. "Yanzu sifili ne."

"Ma'ana?"

"Wani yana so kowa ya ga sabon hoto nan take."

"Wa ke da kalmar sirri?"

"Ni kaɗai," in ji ta, ba ta ɗago kai ba.

"Burauzar da ta riga ta ajiye tsohon fa?"

"Firoksi ba ta bin mutum gida. Tsohon zai zauna har wa'adinsa ya cika, sai in an danna sabuntawa."

Sufeto ya fito ya tambayi Inna ko tana leƙa shafin.

"Kullum da safe, a kwamfutarsa. Shi ya koya mini. Wuri ɗaya nake dannawa."

Aka sauko da tsohuwar kwamfutar, murfinta ɗaure da salatif. Inna ta danna wurin da ta saba. Ga kyamara a allo, ga tabo a kusurwa.

"Ai tsohuwar ajiyar burauza ce wannan," Baffa ya ce da sauri. "Bari in sabunta shafin ku gani."

Yatsansa na dab da madannin Sufeto ya cafke hannun.

"Baffa, ashe ka iya kunnawa."

Auta ta fashe da kuka. "Ni na ba shi kalmar sirrin. Ya ce hotunan biki zai sa. Ya kuma tambaye ni yadda ake rage wa'adin. Baffana ne, ya zan yi in faɗa?"

Baffa ya zube a kujera mai hannu ɗaya.

"Mahaifinmu ya sayo ta. Ni na fara leƙa cikinta, ni na roƙa, aka ba Yaya. Duk rayuwata ina riƙe masa fitila. Ban sayar ba, wallahi. Tana ƙarƙashin gadona. Na samo irinta na sa, na sauya hoton."

"Da ka roƙe ni, da na ba ka aro," in ji Inna. "Amma ka zaɓi a ce na haukace."

Sufeto ya ɗauki hoton allon, Kofur ya fita da Baffa zuwa mota.

Da yamma aka dawo da kyamarar. Auta ta ce za ta mayar da wa'adin shekara guda kamar yadda Baba ya so. Inna ba ta ji ta ba. Ta sa babban yatsanta a cikin tabon, ta hau matakala zuwa ɗakinta.