Sanyi a Ɗakin Surace

Magariba ta kawo jiki a bayan garin Kajaani, can ƙasar dusar ƙanƙara, Sirkka tana gyaran kifi, sai ta ji dutse ya faɗo kan rufi. Na biyu ya fasa taga. Da ta ɗauka, ta gane shi: dutsen murhun sauna ne, ɗakin suracensu na bayan gida, ƙanƙara ta lulluɓe shi.

Ɗakin da aka haifi kakanni a ciki, shi mijinta Raimo ya kashe wa wuta, ya mayar wurin azabtar da kwamfuta. Ƙato da gemunsa, ya wuni yana tsiyaya ruwan naitirojin, wani sinadari mai tsananin sanyi, kan ƙwaƙwalwar na'ura don ta yi gudun da ya wuce ƙa'ida, wai sai ta kere ta abokan gasarsa. Ragowar ruwan kuwa ya sheƙa kan duwatsun murhu, ko gafara ba ya cewa, alhali kowace tsohuwa ta san ana neman gafarar mazauna wuri kafin a zubar. Abin ya daɗe yana ba Sirkka ƙyama.

Daga ranar 'yarsu Venla ta fara sandarewa. Leɓe ya yi shuɗi, numfashi yana hayaƙi cikin bargo, shayi yana daskarewa a hannunta. Likita ya rasa ta cewa. Sirkka ta ɗauko Hilja, tsohuwa mai ƙaho da tofi.

Da yamma Hilja ta zaunar da yarinyar a ƙofar sauna, ta yi ta karatu ƙasa-ƙasa. Gidan ya yi tsit. Can bakin Venla ya buɗe, muryar tsoho ta fito.

"Tun kafin a haifi uban wannan sakaran nake bayan murhu. Ya daskarar min da gida, na shiga inda na samu ɗumi."

"Me zai fitar da kai, dattijo?" in ji Hilja.

"A hura min wuta yau. Ko kuwa a bar min yarinyar, in ba shi sanyin da zai sa na'urarsa ta wuce ta kowa a duniya. Ya zaɓa."

Sirkka ta juya ga mijinta, tana jiran ya zabura ya ɗebo itace. Raimo ya dubi na'ura, ya lashi leɓe.

"Sanyin... zai kai nawa?"

"Raimo!"

"Haba Sirkka, tambaya kawai na yi!"

Muryar ta ja dogon tsaki. "Tir! Riƙe wutarka. Ba zan ƙara kwana gida ɗaya da wannan ba."

Ƙofa ta buga, Venla ta sulale jikin uwarta, ɗumi yana dawo mata a hankali. Raimo ya durƙusa, ya miƙa hannu zai taɓa goshinta.

Yarinyar ta kawar da kai. "Baba," ta ce da muryarta ta ainihi, "ina jin komai fa."