Tsumman da Na Ɗaure Tiyo da Shi

Motar nan ta cinye ni. Tsohuwar bas ce mai gado da murhu a ciki, na saye ta da arha, ga shi yau babu makaniken da bai san sunana ba a Osh. Ran nan bayan magariba, ni da matata muna tsakiyar duwatsun Alay, tiyon lagireto ya sake fashewa.

Na rasa ko igiyar ɗaurewa. Sai ga wata bishiya a kan kabarin wani waliyyi a gefen hanya, wadda mutane ke ƙulla wa tsummoki suna roƙon Allah. Na fizgo wani shuɗi.

Matata Jildiz ta ce, "Temirbek, ka haukace? Roƙon wani ne fa!"

"To, ya roƙa mana sabon inji!"

Ina cikin ɗaurewa sai na ga wani tsoho tsaye kusa da ni. Ban ji takunsa a kan tsakuwa ba. Sanyi ya sa bakina na fitar da tururi, nasa kuwa ko kaɗan.

"Sannu, Baba."

Ya ɗora tafinsa kan injin da ke tafasa, bai ɗauke ba.

"Ɗana, in ka gama, ka mayar mini."

Na haska shi da tocila. Rigarsa duk tsummoki ce ƙulle-ƙulle, kuma a kafaɗa akwai gurbin guda ɗaya, shuɗin zare na lilo.