Tambayoyin Inna

A barandar makarantar 'yan mata Habibatu ta fara ganinsa, shekarar da Bauchi ke ta zancen tafiyar Turawa. Ita da ƙawarta Liatu aka kira intabiyu a Kaduna, kwalejin koyon aikin jinya, shi ne shugabar makaranta ta roƙo wani malami daga makarantar Midil ya riƙa zuwa da la'asar yana gwada musu yadda ake yi.

Ya iso yana ɗan jan ƙafar hagu. Da ya ce sunansa Mansir, Habibatu ta gane ko wane ne. Ta san sunan. Shi ne ya fita da rai daga motar da ta faɗa rafi a hanyar Jos, daminar bara waccan, motar da yayanta Hammajoda ya shiga zai je nasa intabiyun.

Mansir ya jawo tebur ya zauna a bayansa kamar Bature. Ya ce a can ba a durƙusawa, ba a sunkuyar da kai, wanda ya tambaye ki idonsa za ki kalla. Liatu ta iya nan take, har tana tsokanarsa wai gemunsa bai kai na mai tambaya ba. Habibatu kuwa ta sha wuya, don a gidansu kallon idon babba rashin kunya ne. Ranar da ta daure ta ɗago, sai ta tarar shi bango yake kallo.

Kullum haka. Liatu yakan dube ta ido cikin ido, in an zo kan Habibatu sai ya koma gyara takardu. Ta yanke a ranta Liatu yake so, ta riƙa tashi da wuri tana bar musu barandar. Liatu ce ta tare ta a hanya tana dariya, ta ce ita saurayinta Obadiya ya ishe ta, kuma malamin nan da zarar Habibatu ta tafi tambayoyinsa ƙarewa suke, sai ya bi hanyar da ta bi da kallo.

Washegari Liatu ta makara da gangan.

"Malam, ka ce a kalli mai tambaya," in ji Habibatu, muryarta ƙasa-ƙasa. "Shi mai tambayar an yafe masa ne?"

Ya ajiye takardun da ke hannunsa.

"Idonku ɗaya da yayanki, Habiba. In na dube ki sai in ji ƙarar ruwan nan."

"To ka dube ni har ka daina ji."

Ya dube ta. Wannan karon bai kau da kai ba. Daga ranar ya koma kiranta Ɗalibata, ita kuma in ba kowa kusa sai ta ce masa Baturena.

Da magabatansa suka zo gidansu a Ƙofar Wambai neman aurenta, Modibbo, mahaifinta, bai ƙi ba, ya ce dai a ji ta bakin uwar ɗaki. Inna, mahaifiyarta, ta ƙi duka biyu, Kaduna da Mansir.

Hammajoda ɗan farinta ne. Bafullatana ce, ba ta taɓa kiran sunansa ba, da labarin ya zo ba ta yi kuka a gaban mutane ba, ba ta kuma tambayi yadda aka yi ba. Amma ɗakinsa kullum a share yake, kuma in babbar mota ta wuce takan dakata da daka har ƙarar ta ɓace. Ta ce ba za ta iya jin jan ƙafar nan a zaurenta ba har ƙarshen ranta. In aure ake so ga Sabitu mai yadi, wanda tafiyarsa ba ta wuce kasuwa.

Habibatu ba ta yi musu ba. Ta daina zuwa baranda, ranar intabiyu kuwa tana ta matsowa. Sau ɗaya tak, suna tsince shinkafa, ta ce, "Inna, shi kaɗai ya san yadda aka yi." Inna ta ci gaba da tsinta kamar ba ta ji ba.

Bayan 'yan kwanaki Inna ta aika a kira Mansir. Da hantsi ya zo, ya durƙusa a bakin tabarma, kansa a ƙasa. Habibatu na bayan ƙofa tana ji.

"An ce kai ke koya wa yara kallon ido," in ji Inna. "Ɗago."

Ya ɗago.

"Yaron nan, ya ci abinci ranar?"

Mansir ya ce ya ci. Dakuwar da ta ƙunsa masa suka raba, Hammajoda ya ba shi ƙarami ya riƙe babban.

"Ya ji tsoro?"

"Bai ma san za a yi ba, Inna. Tambayoyin intabiyu yake yi mini, yana dariyar Turancina. Da dariyar a bakinsa muka hau gadar."

"Kai fa?"

"Ni har yau ina ji."

Inna ta ja mayafi ta rufe fuskarta. Kafaɗunta suka daɗe suna motsi. Ba wanda ya ba ta haƙuri, don an san ba za ta so a gani ba. Da ta sauke mayafin ta ce ba za ta sa yarinya a mota ita kaɗai ba, wanda ya san hanyar shi zai zauna kusa da ita. Daga zaure Modibbo ya yi gyaran murya, ya ce a gidansa namiji ba ya zama kusa da yarinya sai an shafa fatiha.

Ranar Juma'a aka ɗaura auren. Liatu ce ta sa mata lalle, tana jefa mata tambayoyi da Turanci, wai kada amarci ya sa ta manta.

Inna da kanta ta raka su tasha. Ta dafa kan Habibatu, sannan ta dafa na Mansir.

"Allah ya yi muku albarka, ya kai ku lafiya, ya ba ki sa'a. In kun zo rafin ku yi masa addu'a. Ni ba zan iya zuwa ba."

Suka ce amin. Mansir ya riga ta hawa, ya miƙo wa matarsa hannu.