Shekarar Mutanen Pisa

A ɗakin adana tsofaffin takardu na birnin Florence suka fara haɗuwa. Oretta ta dafe kai, gabanta wata wasiƙa mai shekara ɗari biyar da ɗori, tana ta tsaki ita kaɗai. Saurayin da ke gefenta ya leƙo.

"Baiwar Allah, takardar ce ta zage ki?"

Ta rufe wasiƙar da tafin hannu. Daga jin harshensa ta gane mutumin birnin Pisa ne. "Ina ruwanka?"

"Babu. Tsakinki ne ya hana ni karatu."

Sunansa Ranieri, yana nazarin malaman Latin na zamanin da. Kafin wata uku ya zama shi ke jiran ta a bakin ƙofa kullum da rana, riƙe da burodi da dafaffen tumbi a takarda. Yana kiran ta 'Yar Tsaki, tana kiran sa Baƙona.

Abu ɗaya ta ɓoye masa, wasiƙar nan. Shekara uku tana rubutu don ta wanke Bastiano, wani mai zane da aka daɗe ana zargin ya saci fasalin zanensa daga abokin hamayyarsa, Zanobi. An buɗe zanen Zanobi a ƙarshen 1470. Wasiƙar kuwa, wadda wani malami mai suna Gherardo ya rubuta wa attajirin da ke ɗaukar nauyin Bastiano, tana cewa yanzu ya ba Bastiano shawarar abin da zai zana. Kwanan watanta Afrilun 1471. Ke nan Bastiano ne ya zo daga baya.

Mahaifinta, Arrigo, mai gyaran tsofaffin zane ne, kuma rabin rayuwarsa a gaban zanen Bastiano ya ƙare. Ranar da ta ambaci Ranieri a wajen cin abinci, sai ya ajiye cokali.

"Ɗan Pisa? A gidan nan?"

"Baba, ko ganin sa ba ka yi ba."

"Su ne suka tare mana gishiri a teku, har yau burodinmu salam! Ga Duccio nan, ɗan abokina, karatunku ɗaya, me ya rasa?"

"Abin da kake faɗa tun kafin kakannin kakanninka ne fa."

"Ni ban manta ba."

Sai ga Duccio ya tono wasiƙar, ya kawo hotonta har shagon Arrigo yana murmushi. Zai karanta ta a taron ɗalibai, ya nuna Bastiano ɓarawo ne. Arrigo ya duba, ya sake dubawa, ya koma ya zauna. Kwana biyu bai taɓa burushi ba.

Oretta ta rasa inda za ta sa kanta. Ta tura wa Ranieri hoton ta waya.

"Baƙona, ga abin da na ɓoye maka. Aikina ya rushe, Baba ya daina magana. Na gaji."

Amsa ta zo nan take. "'Yar Tsaki, har na yi dariya. Ashe ku mutanen Florence ba ku iya ƙirga shekara ba?"

Ranta ya ɓaci. Tana cikin wannan hali shi ba'a ce ta dame shi? Ta rubuta, "Ashe Baba ya fi ni sanin ku," ta kashe wayar. Kwana biyar ba ta kunna ba, ba ta leƙa ɗakin takardu ba, kullum tana kai-komo a gida tana faɗa da kofuna.

A rana ta shida, tana share shagon mahaifinta, sai ga Ranieri ya shigo, gumi duk ya jiƙa masa riga.

"Ina wuni, Baba."

"Wa ya haife ka da za ka ce mini Baba? Me ka zo yi?"

"Minti biyu kawai. Ku dubi ƙasan wasiƙar. A ina aka rubuta ta?"

Oretta ta ɗauko hoton ba da son ranta ba. "A Pisa."

"Gherardo ɗan garinmu ne. A wancan zamani, daga ashirin da biyar ga Maris mukan riga ku shiga sabuwar shekara da shekara guda cur. Afrilun 1471 namu, Afrilun 1470 ne naku. Kakata ma ta san wannan."

Oretta ta ƙirga da yatsu, ta sake ƙirgawa. Wata takwas kafin a buɗe zanen Zanobi. Tsintsiyar ta faɗi daga hannunta.

"To me ya hana ka faɗa tun ranar, mugu?"

"Na rubuto saƙo goma sha ɗaya. Wa ya kashe waya?"

Arrigo ya sa tabarau, ya daɗe a kan takardar. Sannan ya ce, "Wato ba ɓarawo ba ne."

"Ba ɓarawo ba ne, Baba."

Wannan karon Arrigo bai hana shi kiran ba. Ya jawo kujera da ƙafa ya tura masa. "Ko a shekara ma sai kun sha gaban mutane. Zauna."

Duccio ya janye sunansa daga taron. Arrigo kuma sai da ya ƙara ja musu rai wata huɗu, yana cewa bai gama nazarin yaron ba.

An ɗaura auren a ƙaramin cocin unguwarsu. Da tsohon ya kawo 'yarsa gaban ango, Ranieri ya miƙo hannun dama. Arrigo ya girgiza kai.

"Da hannu biyu, ɗana. Abu mai daraja ban taɓa yarda a karɓe shi daga wurina da hannu ɗaya ba. Allah Ya yi muku albarka, Ya zaunar da ku lafiya."