Abin da Ya Fita Kada Ya Dawo

Duk mai zuwa wajen boka gani yake ya fi na gabansa wayo, shi zai lashi zuma ya tsere wa harbi. Mutumin nan da za ku ji labarinsa ma haka ya ɗauka. Bambancinsa da saura ɗaya ne, shi da bakinsa ya yanke wa gidansa hukunci, yana murmushi.

Darakta ake ce masa a layinsu, amma ba daraktan kowa ba ne. Ɗan shago gare shi a bakin titi, wakilin wani kamfani mai sayar da tufafi ta intanet. Wanda ya yi oda ta waya, nan yake zuwa ya karɓi kayansa. Wanda kayan ba su yi masa ba, nan yake dawo da su a mayar masa da kuɗinsa. Sunan ya samo asali ne ranar da ya sayar da filin da suka gada shi da ƙanensa, ya zuba kuɗin duka a hannun jarin kamfanin, lokacin da farashinsa ya faɗi warwas. Ya ce wa maƙwabta abin da ya kai ƙasa tashi kawai ya rage masa. Suka ce to, Allah ya taimaki Darakta. Farashin kuwa ya nuna masa ƙarƙashin ƙasa ma akwai wuri.

Ya san ciwon da ke cin kamfanin, don a kantarsa ciwon yake kwana. Mace za ta sayi doguwar riga, ta cusa takardar farashin cikin wuya, ta je taro ta sha hotuna, washegari ta kawo ta tana warin turare da gumi, ta ce ta yi mata kaɗan. Saurayi ya yi odar wando kala-kala, ya gwada, ya dawo da su gaba ɗaya. Kantar kayan mayarwa kullum ta fi ta masu fita cika, kuma duk ledar da ta dawo, Darakta ji yake kamar an gutsiri filin ubansa.

A gida ba wanda ya ce masa uffan, abin da ya fi zagi ciwo ke nan. Ƙanen, wanda ke kai wa mutane kayan a babur, bai taɓa tambayar rabonsa ba. Babban ɗansa ya gama sakandare yana zaune. Matarsa mace ce mai haƙuri, mai wata ɗabi'a da yaran ke yi mata dariya a kai: ko shara mutum zai fita zubarwa sai ta bi shi da "a dawo lafiya". Sai Auta, ƙaramar yarinya mai giɓi, wadda ke tare shi a bakin ƙofa ta laluba aljihunsa. Ranar da ta laluba ba ta sami komai ba ta ce ba komai Baba, gobe ma rana ce, ranar ya yanke shawara. Direban motar da ke kwasar kayan mayarwa ya taɓa yi masa kwatancen wani boka, kuma ya ce mai zuwa wurinsa yakan tafi da tufa ɗaya ɗaya ta mutanen gidansa, wadda jiki ya sha ba a wanke ba.

Da rana tsaka ya je. Wani tsohon bene ne a bayan kasuwa, hawa na ƙarshe, inda a da shagon ɗinki ne. Tagogin an toshe su da baƙin yadi. Ɗakin yana warin tsohon gumi da wani abu kamar ƙarni. Jikin bango mutum-mutumin roba ne a jere, irin waɗanda ake rataya wa kaya a shago, manya da ƙanana, ba kai. Kowanne sanye da tufa mai datti, rigar makaranta, rigar barci, falmaran ɗin tsoho. A tsakiya akwai keken ɗinki na ƙafa, a gabansa faranti mai busasshen jini da allurai a tsaitsaye. Bokan yana zaune bayan keken, siriri, igiyar awon tela rataye a wuyansa, kuma bai ɗago kai ba.

Darakta ya fara bayanin kasuwar hannun jari, bokan ya katse shi.

"Ni ban san kamfani ba. Faɗi abin da kake so ya faru, da bakinka, a taƙaice."

Darakta ya tuna kantarsa. "Duk abin da ya fita, kada ya dawo."

"Ya fita daga ina?"

"Daga hannunmu mana. Duk abin da yake namu."

Sai a lokacin bokan ya ɗago ya dube shi. Ya sa shi ya maimaita, ya maimaita. Ya ce masa ya shaida ba shi ya sa masa magana a baki ba, Darakta ya ce ya shaida. Bokan ya karɓi ledar tufafin da Darakta ya zo da ita, ya yanki ƙyalle daga kowacce, ya jera su ƙarƙashin allura. Ba zare a keken, amma da ya taka, ƙyallayen suka haɗu, ɗinkin ya fito ja. Darakta ya ji sanyi ya bi ta tafin ƙafarsa, ya daure ya tambayi abin da zai biya.

"Ba na karɓar kuɗi. Wanda zai yi maka aikin, hannun jari yake so a wajenka. In an raba riba, a raba da shi."

"Kashi nawa?"

"Shi zai ɗauki rabonsa da kansa. Abu ɗaya zan gaya maka. Muddin hannunka yana ciki, kai mai kaya ne. Ranar da ka cire hannu, kai ma kaya ne."

Darakta ya sauko benen yana ganin ya yi ciniki mai arha. Ya lura bokan bai mayar masa da tufafin ba, ya ce a ransa tsummokara ne.

Ba a daɗe ba kantar mayarwa ta bushe ƙayau. Matar da rigarta ta matse ta sai ta ce haka ake yayi. Wanda aka aiko wa takalmi ba daidai ƙafarsa ba ya sa abinsa yana ɗingishi. Direba ya riƙa zuwa yana komawa da mota fayau, har aka sallame shi. Farashin hannun jari ya ɗaga, ya sake ɗagawa, masu sharhi a rediyo suna ta yabon dabarar shugabannin kamfani. Darakta ya gina gida mai bene, ya sayi mota, ya saya wa ƙanensa sabon babur. Masu kiransa Darakta da zolaya suka koma kiransa da shi suna rusunawa.

Ranar da ribar farko ta shigo wayarsa, ƙanen ya fita kai kaya da safe, matar Darakta ta bi shi da a dawo lafiya. An sami babur ɗin a kan gada, injin yana aiki, kayan mutane ɗaure a baya. Masu ninƙaya sun yi iya yinsu, ruwa bai ba da gawa ba. Darakta ya yi kuka na gaske, don yana son ƙanensa, amma ya ce ƙaddara ce. Ko da wani tunani ya leƙo, sai ya duba wayarsa ya ga farashi ya ƙara hawa, tunanin ya koma.

A rabo na gaba, babban ɗan ya samu gurbin karatu a wani gari. An raka shi tasha, an ga ya shiga mota, yana ɗaga hannu ta taga. Motar ta isa lafiya da kowa da kowa, ban da shi. Jakarsa tana kan kujera. Wanda ya zauna kusa da shi ya rantse bai ga saukarsa ba. An bi asibitoci, an bi ofisoshin 'yan sanda, an sa hotonsa ko'ina, shiru kake ji.

Uwar ta rame ta zama kamar kara, amma tana tsaye, tana dafa wa Auta abinci, tana ajiye kason ɗanta a rufe. Ran da wata ribar ta sake shigowa, tana tsakar gida tana shanya sai ta yanke jiki ta faɗi. An yayyafa mata ruwa ta buɗe ido, amma wadda ta faɗi ba ita ta tashi ba. Likita ya ce hankalinta ne ya ɗan fita, zai dawo a hankali. Tun daga ranar ta tare a bakin ƙofa, ba ta gane mijinta, ba ta gane 'yarta. Duk abin da ya gitta, mutum ko kyanwa, sai ta ce masa a dawo lafiya.

Maganar likitan ce ta tsaya wa Darakta a rai. Ya fita, zai dawo. Yana tsaye yana kallon matarsa tana yi wa iska addu'a, sai ya ji muryarsa a wancan ɗakin tana cewa duk abin da yake namu. Nan take ya nufi wajen bokan.

Ya haura benen yana haki. Ba abin da ya canja sai jeren mutum-mutumin da ya ƙaru. Ga rigar ƙanensa a jikin ɗaya, ga ta ɗansa a jikin wani, ga ɗankwalin matarsa ɗaure a kan dungun wuyan na uku. A ƙarshen layi akwai wani ɗan ƙarami tsirara, an ninke rigar Auta mai furanni an ajiye a ƙafarsa. Darakta ya zube ƙasa, ya ce a karɓi gidan, a karɓi motar, a warware ɗinkin. Ya ce shi kayan kamfani yake nufi, Allah ya sani.

"Na tambaye ka daga ina," in ji bokan, yana goge allura. "Magana zarar bunu ce. Kai da ka roƙi kada abin da ya fita ya dawo, yanzu maganarka kake so ta dawo?"

Ya koma gida a guje. Kamfanin ya riga ya sanar da ranar rabo na gaba, kuma ta matso. Ya hana Auta zuwa makaranta. Ya sallami masu aiki, ya ja matarsa ciki, ya datse ƙofar gida da kwaɗo, ya kulle tagogi, ya toshe har ƙasan ƙofa da tsumma. Yarinyar tana tambaya ko wasan ɓuya suke yi, ya ce e, kuma wanda ya leƙa waje ya faɗi. Sannan wayonsa, wanda ya kai shi ya baro, ya sake ba shi shawara: in ba hannun jari, ba riba, in ba riba, ba rabo. Ya tuna gargaɗin bokan sarai, ya ce gara shi da ita. Ana gobe rabo, da hantsi, ya zauna a ƙasa ya ɗora Auta a cinyarsa, ya sayar da hannun jarin kaf.

Bai tsaya ya yi tunanin cewa abin da ya saya da arha ya sayar da tsada ba, kuma wannan ita ce riba mafi girma da ya taɓa ci. Wayar ta yi ƙara, kuɗi sun shigo. Auta ta laluba aljihunsa kamar yadda ta saba, ta kwantar da kai a ƙirjinsa, ta sauke wata doguwar ajiyar zuciya irin ta yaron da ya gaji da wasa. Darakta ya jira ta ja wani numfashin. Ya jira. Ya girgiza ta, ya kira ta, ya hura mata iska a baki. Ya kulle ƙofa, ya kulle taga, ya manta numfashi ma fita yake yi.

Maƙwabta ne suka ɓalle ƙofar da suka ji ihu. Dangin matar sun zo sun tafi da ita. Dukiyar ta bi hanyar da sauran suka bi, duk abin da ya fita daga hannunsa bai sake waiwayowa ba, har gidan. Kamfanin kuwa, kayan mayarwa suka dawo masa kamar ambaliya, ya rufe.

Yana nan da rai, a wani ɗan ɗaki da wani mai tausayi ya ba shi a bayan tsohon shagonsa. Ba ya taka bakin ƙofa, ko an ja shi. Yana zaune a lungu, hannu biyu toshe da hanci da baki, yana riƙe numfashi har idonsa ya firfito, sannan ya sake shi kaɗan kaɗan yana rawar jiki, don bai san wanne ne ba zai dawo ba.

Kai da kake duban wayarka kana ganin arzikinka ya yi jinkiri, ka ji tsoron Allah ka yi haƙuri da rabonka. Kwaɗayi mabuɗin wahala ne, kuma wanda ya sa shaiɗan a jarinsa, da 'ya'yansa zai biya riba. In mutanen gidanka sun fita da safe sun dawo da yamma, ko aljihunka ba ko sisi, ka riga ka ci ribar ranar.