Ramar Umma

"Kai! Kai malam, ɗaga fartanyarka!"

Hafizu ya tsaya cak, fartanya a sama. Wata budurwa ce ta ratso kunyoyin masara a guje, silifas ɗaya a ƙafa, ɗaya a hannu.

"Ciyawa ce fa nake cirewa, Hajiya."

"Ciyawa? Jar rama ce! Ummata ce ta watsa irinta kafin ta rasu. Duk damina da kanta take fitowa, in an bari ta zuba 'ya'ya."

Ya sauke fartanyar a hankali. "Allah ya ji ƙanta. Ki yafe mini, ban sani ba."

Sunanta Nazeefa, ɗaliba ce a jami'a. In an yi hutu sai ta baro gidansu na Garki ta tare wurin kakarta Iya a 'yar gonarsu da ke bayan Kuje. Shi kuwa Hafizu katin waya yake sayarwa a tashar Nyanya, amma da ruwa ya sauka sai ya bar wa ƙaninsa lemar sana'ar ya fita ƙwadago, don ya ce ƙamshin ƙasa ya fi masa hayaƙin bas.

To, ba sai an faɗa ba. Mai sayar da kati ai ba ya rasa kiredit. Sai saƙonni suka fara kai-komo tsakaninsu a waya.

"Sarauniyar rama, talakawanki sun kwana lafiya. Na zaga su, ba wanda ya taka."

"Ɗan ƙwadagona, Allah ya biya. Iya ta ce furarka na jira. Ni ban ce komai ba."

"Shirun naki ma ya ishe ni, wallahi."

Ranar da zancen ya kai kunnen mahaifinta, Alhaji Saleh, sai da ya cire tabarau. Mataimakin darakta ne a ma'aikata, kuma ya riga ya gama shawara da zuciyarsa a kan aurar da ita ga Abdulmajeed, ɗan abokinsa, dillalin filaye da Abuja ta buɗe wa.

"Lebura, Nazeefa? Leburan da nake biya?"

"Abba, ina son sa," ta ce, hawaye na zuba.

Iya ce ta raba gardamar. "Saleh, kai da ka nemi uwarta Ummukulthum ba sai da ka yi wa ubanta noma ba? A raba gonar biyu, kowa ya kama rabi, mu gani."

Abdulmajeed ya yi dariya ya ce an gama. Ba mugu ba ne, bawan Allah, sauri kawai gare shi. Ya turo yara da tankin feshi, suka bi rabinsa da maganin ciyawa. Kafin mako ya zagayo wurin ya yi fes, ban da masara ba abin da ke numfashi. Hafizu kuwa duƙe yake kullum, yana nome wannan yana tsallake wancan.

Wata Asabar Alhaji ya zo dubawa. Ya kalli dama ya gyaɗa kai. Ya kalli hagu, ga jajayen karare tsaitsaye tsakanin masara, ransa ya ɓaci.

"Wannan shi ne noman? Wanda ya kasa share kunya shi zai riƙe gida?"

Hafizu ya durƙusa. "Ranka ya daɗe, a yi haƙuri."

Iyakar abin da ya ce ke nan. Nazeefa ta buɗe baki, uban ya ɗaga mata hannu, ya ce magana ta ƙare.

Haushi ya cika ta. Ta rubuta masa: "Ka yi shiru kamar ba ka da baki! Ashe ban kai ka kare ni ba?"

Amsar ta jima kafin ta zo. "Nazeefata, ta yaya ɗan ƙwadago zai tsaya gaban mutum ya tuna masa matarsa da ta rasu, don ya samu 'yarsa? Ba zan iya ba. Ko ban same ki ba, ramar Umma za ta zuba iri bana."

Ta karanta, ta kifa kai a cinyar Iya ta yi ta kuka. Iya dai ta tashi ta ɗauki ƙwarya ta nufi gona.

Da Alhaji ya dawo wata Asabar ɗin, kwaɗon rama Iya ta ajiye masa, ya sha ƙuliƙuli da albasa. Ya kai loma ɗaya, hannunsa ya tsaya. Tun rasuwar matarsa ya hana a kawo masa kwaɗo, ya ce ba ya so.

"Iya, wannan tsamin... irin na Ummukulthum ne. A wace kasuwa kika samo?"

"Kasuwa? Kai kana ofis, ina za ka sani. A gonar nan take shuka maka abarta. Daga rabin da ka kira daji na tsinko. Ɗaya rabin ko ƙwara babu, kuma ba za ta sake fitowa ba."

Alhaji ya daɗe yana kallon kwanon. Sai ya miƙe, ko hannu bai wanke ba, ya nufi gona.

Can ya tarar da Hafizu, wanda aka riga aka sallama, a duƙe yana tara ƙasa a gindin wata rama da iska ta kwantar.

"Yaro, wa ya sa ka?"

"Ba kowa, ranka ya daɗe. Ta kusa yin 'ya'ya ne."

Dattijon ya juya baya ya share ido da hannun riga. Da ya juyo, ya ce, "Ka turo magabatanka."

Bayan an cire masara aka ɗaura aure a Garki. Abdulmajeed ma ya zo, har da buhun shinkafa, ya ce Oga Hafizu ya ci gari. Da za a tafi da amarya, Alhaji ya danƙa mata wani ɗan ƙulli a tsohon ɗankwalin mahaifiyarta.

"Da hannuna na tara irin. Ku mayar da ita ɗaya rabin." Ya dafa kanta, ya dafa kafaɗar ango. "Allah ya yi muku albarka, ya ba ku masu tausaya muku yadda kuka tausaya mata."

"Amin, Abba," suka ce tare, Iya na rangaɗa guɗa daga ƙofa.